Yadda Ake Zana Karta Mai Kamannin Damagaram Ba Tare da An Ɓata Wasa Ba

Duk wanda ya ratsa unguwar Zango ko Birni a Zinder, wato Damagaram, bayan la'asar ya san yadda fada, wato majalisar hira ta unguwa, take cika: an shimfiɗa tabarma, butar shayi na kan gawayi, mutum huɗu sun zauna biyu-biyu suna buga wasan karta na belot. Kartar da ke hannunsu daga nesa ta zo, kuma sarakunan da ke cikinta, irin su Kaisar na Rum da Iskandar na Makidoniya waɗanda ake rubuta sunayensu a gefen kartar Faransa, ba su da wata alaƙa da garin da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa. Wannan ne ya sa matasa masu zane a kwamfuta sukan yi sha'awar fitar da karta tamu ta gida, mai rawani da alkyabba da zanen bangon Birni. Sha'awar tana da kyau, ni ma ita ta ja ni cikin wannan aiki, sai dai akasarin irin wannan karta takan ƙare a cikin kwalinta ana nuna wa baƙi, domin mai zanen ya manta cewa kayan wasa yake ƙerawa, wanda za a riƙe a hannu ɗaya, a karanta shi cikin ƙiftawar ido, sau da yawa ma a hasken magariba.

Kafin a shiga aikin, ya kamata a faɗi gaskiya game da abin da kowa ya sani: caca haramun ce, kuma malamai da yawa ba sa son karta ko da babu kuɗi a ciki, saboda tana cinye lokaci tana shagaltar da mutane daga salla. Mai zane ba zai warware wannan magana ba, amma wajibi ne ya san cikin mutanen da yake aiki, domin hakan zai shafi abin da zai sa a jikin katin da abin da zai nisanta.

Mataki na farko: ka tsayar da wasan da za a buga

Kada ka ja layi ko ɗaya sai ka amsa wannan tambaya, saboda ita ce za ta gaya maka yawan aikin da ke gabanka. Belot kati 32 take buƙata, daga 7 zuwa as a kowane dangi huɗu, wato zuciya, karo, pik da tirefil. Hakan na nufin sarakuna da muƙarrabansu 12, as 4, katunan lamba 16, sai bayan kati da kwali. Cikakkiyar karta kuwa kati 52 ce da joka biyu, kuma katunan lambarta 36 ne. Idan kasuwarka ƴan fada ce a Zinder, ka fara da 32, domin aikin ya fi sauƙi, kuɗin bugu ya fi araha, kuma su ne masu sayen da za ka iya zama da su ka ji ra'ayinsu. Idan kana nufin sayarwa har Kano, ka tuna cewa a can Whot ya yi ƙarfi, kuma ita karta ce dabam mai da'ira, kuros, alwatika, murabba'i da tauraro, ba za a haɗa ta da wannan ba.

Sanin wasan yana nuna maka katin da ya fi muhimmanci. A belot, idan dangi ya zama atu, wato dangin da ke cin sauran, katin V, wato bara, shi ne babba da maki 20, sai 9 da maki 14, sannan as da 11, yayin da sarki bai wuce 4 ba. Mai zanen da bai buga wasan ba yakan zuba duk ƙoƙarinsa a kan sarki ya bar V kamar ƙaramin bara, alhali shi ne katin da ido ke nema da farko idan an raba. Sai girma: akwai faɗin milimita 63 da tsayin 88, akwai kuma siririya mai faɗin kusan 57. Mai riƙe kati takwas a hannu ɗaya ya fi jin daɗin siririyar, mai faɗin kuwa ta fi ba wa zane fili. Ka auna kartar da mutanen unguwarku suka saba da ita ka bi ta.

Mataki na biyu: ka raba abin da ake taɓawa da abin da ba a taɓawa

Al'ada biyu ce a gabanka: ta karta kanta, da ta Damagaram da kake son shigarwa. Ta farkon ma ba ta Turawa ce zalla ba. Karta ta shiga Turai ne a shekarun 1370, kuma masana tarihinta suna danganta zuwanta da Masar ta zamanin Mamluk. A fadar Topkapi da ke Istanbul akwai ragowar wata kartar Mamluk ta wajen ƙarni na 15, danginta huɗu: takubba, kofuna, tsabar kuɗi da sandunan wasan ƙwallon dawaki. Manyan katunanta su ne malik da na'ibinsa da na'ibi na biyu, kuma babu siffar mutum a jikinsu ko kaɗan, sai ado da rubutun Larabci. Kalmar da mutanen Sifaniya ke kiran karta da ita har yau ana mayar da asalinta ga wannan na'ibi. Na kawo wannan ne domin mai zanen da ba ya son zana fuskar mutum ya san cewa yana da magabata a wannan sana'a, kuma hanyarsa ta girmi ta Faransa.

Alamomin da muka sani yau sun fito ne a Faransa wajen 1480, kuma abin da ya ba su nasara a kan na Jamus da Italiya shi ne sauƙi: siffa ce mai launi ɗaya, ja ko baƙi, wadda ake shafawa ta cikin hudajjen kwali ba tare da an sassaƙa katako ba. Sauran abubuwan sun zo ne daga baya, kowanne don magance wata matsala a wurin wasa. An yi wa sarakuna kai biyu domin ɗan wasan da ya juya katinsa ya miƙar da shi yakan tona wa kansa asiri. An sa lamba a kusurwa a ƙarni na 19 domin a iya baje katuna kamar mafici a hannu ɗaya. An zagaye kusurwoyi domin masu tsini suna saurin lanƙwashewa, kuma katin da ya lanƙwashe ya zama sananne.

Akwai kuma darasi daga waɗanda suka yi ƙoƙarin rushe komai. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1793, an buga karta da aka cire sarakuna da matansu aka sa siffofin da ke wakiltar baiwa da ƴanci da daidaito. Ba ta daɗe ba. Zuwa 1813 hukuma ta tabbatar da wani zane da ya koma kan tsohuwar siffa, kuma jikokinsa ne ake bugawa a fadojinmu yau.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A gefe ɗaya ka rubuta abin da hannu da ido suka dogara a kansa: siffar alamomi huɗu, ja da baƙi, lambar kusurwa, kai biyu, da bayan da ya zama iri ɗaya a duk katuna. Waɗannan ka bar su. A ɗaya gefen ka rubuta abin da ido ke hutawa a kansa: tufafin sarakuna, kayan da suke riƙe, adon as, zanen baya, joka da kwali. Nan ne filinka, kuma fili ne mai yalwa.

Mataki na uku: ka fara da kusurwa

Kusurwar hagu ta sama, wadda ba ta fi kan babban yatsa girma ba, ita ce kusan duk abin da ɗan wasa ke gani daga katunan da ke hannunsa. Don haka da ita za ka fara, tun kafin sarki. Ka sa lamba a sama, alamar dangi a ƙarƙashinta, su tsaya a kan layi ɗaya, sannan ka kwafe su a kife zuwa kusurwar dama ta ƙasa. Kartar Faransa takan sa lambar a duk kusurwoyi huɗu, abin da ke taimakon bahago wanda ke baje katinsa ta ɗaya ɓangaren, kuma ina ba da shawarar a riƙe wannan. A ganina kada tsayin lambar ya gaza milimita 7, domin a fada akwai dattawa, kuma wuta ba kullum take nan ba. Ka zaɓi rubutu mai kauri wanda 6 da 9 da 8 ba sa kama da juna, sannan ka gwada 10 tun da wuri, saboda ita kaɗai ce mai lamba biyu kuma ita ce ke fara fita daga layi.

Sai maganar haruffa, wadda ta fi ba ni wahala fiye da yadda na zata. Mutanenmu sun saba da haruffan Faransanci R, D da V, wato sarki, sarauniya da bara. Idan ka mayar da su Hausa, Sarki da Sarauniya duk da S suke farawa, ba za su zauna tare ba. Idan ka ce na ukun Dogari ne ka sa D, to ka jefa ƴan wasa cikin ruɗani, domin D a wurinsu mace ce. Tsarin da na ga ya fi zama lafiya shi ne S don Sarki, M don Magajiya, B don Barde, saboda babu ɗayansu da ya ci karo da tsofaffin haruffa. Duk da haka, idan kartar ta sayarwa ce ga masu belot, ra'ayina shi ne a bar R, D, V a kusurwa, a rubuta sunan sarautar da Hausa a gefen hoton, daidai inda Faransawa ke rubuta sunayen nasu sarakunan. Ta haka hannu bai rasa abin da ya saba da shi ba, Hausa kuma ta samu wurinta. Ka tabbata rubutun da ka zaɓa yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Charis, Andika da Noto suna da su, kuma kyauta ne.

Katunan lamba ba sa son ƙawa. Ka bi jerin da aka saba, ka bar fari mai yawa a tsakanin alamomi, ka wuce.

Mataki na huɗu: sarakuna goma sha biyu

Nan ne aikin yake da daɗi, nan ne kuma ake yin kuskure mafi girma. Kafin ka buɗe kwamfuta, ka fita da littafin zane. Ka je ka kalli hawan salla, ka lura da yadda ake naɗa rawanin sarauta mai kunnuwa biyu, da yadda amawali ke rufe baki, da ja da koren kayan dogarai, da kakaki da algaita. Ka zauna wurin masu ɗinkin babbar riga ka ga yadda aska takwas take sauka daga kafaɗa zuwa aljihu. Ka shiga wurin dukawa, domin aikin fata na Zinder yana da nasa haɗin launi da ba za ka samu a intanet ba. Idan za ka ɗauki hoton mutum ko ƙofar gida, ka nemi izini.

Sannan ka ba wa kowane dangi ma'anarsa, don kada mutum goma sha biyu su zama taron da babu shugaba. Ga yadda na raba nawa, kai kuma kana iya yin dabam. Pik na ba wa mahaya, domin kalmar a Faransanci mashi take nufi, kuma siffar tana kama da bakin mashi. Karo na ba wa fatake, saboda tunawa da Zango, inda ayarin raƙuma ke sauka a zamanin da Damagaram take tsakanin Kano da Tarabulus. Tirefil ganye ne, ya dace da manoma da damin gero. Zuciya kuwa na bar wa masu sana'ar hannu, dukawa da maƙera da magina tukwane irin na Mirriya. Ma'anar tana bayyana ne a abin da mutum ke riƙe da adon rigarsa, alamar dangin kanta kuwa tana nan yadda aka san ta.

Abu mafi muhimmanci shi ne a bambance matsayi uku daga siffar kai kawai. Ka yi wannan gwaji: ka cika zanen da baƙi gaba ɗaya har ya zama inuwa, ka ajiye shi taku uku daga inda kake. Sarki ya fito da faɗin rawani da kunnuwansa, Magajiya da ɗaurin kallabi da mayafi, Barde da tsinin kwalkwali da mashi. Idan inuwar sarki da ta barde sun yi kama, ka sake, ko da fuskokin sun yi kyau, domin a belot, idan danginsu ne atu, bambancin da ke tsakaninsu maki 16 ne. Wannan matsala ta fi damunmu fiye da Turawa, saboda a wurinmu manyan maza duka rawani suke naɗawa, don haka sarki kaɗai na bar wa rawani a tawa kartar.

Wajen kai biyu, ka zana rabi ɗaya kawai, daga kai zuwa ƙugu, ka kwafe shi ka juya shi digiri 180. Juyawa ake yi, ba kifewa irin ta madubi ba. Babbar riga da alkyabba suna sauƙaƙa haɗin tsakiya, domin ninkin yadi yana ɓoye inda rabin biyu suka haɗu, kuma kana iya bin layin karkace irin na kartar Faransa. Launi kada ya wuce huɗu ko biyar a duk kartar: ja, baƙi, shuɗin baba, ruwan ƙasa irin na bangon Birni, da farin takarda. Kaurin layi ya zama ɗaya daga kati na farko zuwa na goma sha biyu.

Akwai iyakokin da nake ganin bai kamata a ƙetare ba. Kada ka zana fuskar Mai Martaba mai ci, ko ta wani sananne, a kan abin da ake bugawa a ƙasa ana takawa. Ka zana sarauta, ka bar mutum. Kada ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ko na Annabi su shiga kati ko kwalinsa, kuma ko ajami za ka yi amfani da shi don ado, ka kai wa malami ya duba, domin mutane suna girmama harafin kansa. Idan kana son guje wa siffar mai rai gaba ɗaya, ka bi hanyar Mamluk: rawani da sandar girma su wakilci sarki, kallabi da duwatsun tsakiya su wakilci Magajiya, kwalkwali da garkuwa su wakilci barde. Na ga wannan ya fi samun karɓuwa a gidajen da ba za a shigar da hoto ba, kuma sau da yawa ya fi kyau ma. Joka, idan kartarka tana da shi, wawan sarki ya ishe shi.

Mataki na biyar: baya, as da kwali

Bayan kati yana da doka ɗaya da ba ta da sassauci: idan aka juya shi sama ya koma ƙasa, dole ya kasance yadda yake. Zanen da ke da sama da ƙasa, kamar ƙofar fada ko raƙumi guda, yana ba wa mai wayo damar juya manyan katuna ya gane su daga baya. Dagi da zanen bango masu maimaita kansu sun dace da wannan aiki tun asali. Kuros ɗin Zinder da maƙeran azurfa ke yi yana da sama da ƙasa, don haka sai a sa biyu suna kallon juna. Ka bar farin gefe na kusan milimita 3 ko 4 kewaye da zanen. Dalilinsa biyu ne: yana ɓoye ɗan kaucewar da injin yanka ke yi, kuma gefen da aka cika da launi mai duhu yakan goge ya yi fari-fari, kowane kati da irin tabonsa, har ƴan wasa su haddace su.

As shi ne wurin da al'ada ta yarda mai zane ya nuna kansa. A Ingila as ɗin pik ne ke ɗauke da shaidar harajin karta, shi ya sa ya zama mai ado, a Faransa kuma as ɗin tirefil ne ake buga wa hatimi. Ka ƙawata cikin babbar alamar da zanen fata ko na bango, ka sa sunanka a ɗaya daga cikinsu. Kwali kuwa shi ne mai tallar kaya, kana iya sakin hannu a kansa, muddin ka rubuta yawan katunan a fili.

Mataki na shida: ka auna yayi

Wanda ke bibiyar masu zanen karta a Instagram ko Kickstarter zai ga abubuwan da ake yayi: baƙin kati mai ruwan zinariya, zane marar cikowa wanda aka rage komai, dangi huɗu masu launi huɗu, da hoto dabam a kan kowane kati. Yawancin waɗannan an yi su ne don masu tarawa da masu wasan gwaninta da kati a hannu, waɗanda ba sa ƙirga maki. Ma'aunin da nake amfani da shi tambaya ce guda: wannan sabon abu, zai sa a gane kati da sauri, ko zai sa a tsaya dubawa?

Launi huɗu, inda karo ke zama shuɗi tirefil kuma kore, ya ci wannan gwaji ta wani ɓangare, domin yana rage kuskuren ɗaukar karo a matsayin zuciya. Amma masu belot sun saba da ja da baƙi, don haka na zaɓi tsakiya: ja mai haske ga zuciya, ja mai duhu ga karo, baƙi ga pik, shuɗin baba mai duhu ga tirefil. Rage cikowa ma abu ne mai amfani idan bai kai ga ƙanƙantar da lamba ba. Baƙi da zinariya kuwa na gwada da kaina, kuma ba zan sake ba. A allon waya ya yi kyau ƙwarai, amma da na kai samfurin fada bayan magariba, wani dattijo da muke kira Baba ya ɗaga katin ya juya shi ga fitila, ya ce, "Ɗana, aikin ya yi kyau, Allah ya yi albarka, amma sai na karkata shi nake ganin lambar, kuma in na karkata, na kusa da ni ya gani." Wannan magana ta rushe mini aikin makonni, kuma gaskiya ce.

Sai hotunan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa. Suna da amfani wajen gwada haɗin launi, amma ba su san bambancin rawanin Bahaushe da naɗin Buzu ba, suna cakuɗa kayan ƙasashe da yawa a jikin mutum ɗaya, kuma da wuya su ba ka mutum goma sha biyu masu hannu ɗaya. Ɗan Damagaram zai gane kuskuren nan take. Haka nan kada ka kwafi bayan kartar wani kamfani, irin na Bicycle, domin yana da masu shi. Naka zanen kuma, idan ka yi niyyar kasuwanci da shi, Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke rajistar irin waɗannan zane-zane.

Mataki na bakwai: shirya fayil

Ka zana da fensir, ka ɗauki hotonsa, sannan ka bi layukan a manhajar da ke zanen layi wanda ba ya fashewa idan an ƙara girma. Inkscape kyauta ce, Illustrator da CorelDRAW kuwa su ne aka fi samu a maɗaba'u. Ka yi ƙwarangwal ɗaya da duk katuna za su hau kansa, mai layi uku: layin yanka, wato ainihin girman katin, layin waje, milimita 3 a kowane gefe, inda launi zai malala ya wuce wurin yanka, da layin ciki, milimita 3 daga gefe, wanda lamba da rubutu ba za su ƙetare ba. Kati mai 63 da 88 zai zama fayil mai 69 da 94. Duk hoton da ba na layi ba ya kasance da ɗigo 300 a kowane inci.

Allo da haske yake haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, don haka ka mayar da fayil ɗin zuwa CMYK tun da wuri ka ga abin da zai dushe. Baƙin lambobi ya zama baƙar tawada zalla, domin idan aka haɗa shi daga tawada huɗu, ƙaramar kaucewa takan sa gefen harafi ya yi inuwa. Shuɗin baba yana da halin komawa shunayya idan jan da ke cikinsa ya yi yawa, sai ka buga ƴan murabba'ai masu haɗi dabam-dabam ka zaɓa da ido a kan takarda. Kafin ka fitar da PDF, ka mayar da duk rubutu ya zama zane, in ba haka ba kwamfutar maɗaba'a tana iya sa akwati a gurbin ƙ da ɗ.

Mataki na takwas: ka kai ta fada

Takardar A4 tana ɗaukar kati tara, wato shafi huɗu sun ishi kartar belot, shida kuma sun ishi mai 54. Ka buga a kwali mai ɗan kauri, ka yanka, ka miƙa wa mutum huɗu da ba abokanka na kusa ba, ka zauna gefe ka yi shiru. Kada ka tambaye su ko ta yi kyau, domin kunya za ta sa su ce ta yi. Ka lura da wanda ya kusantar da kati ga idonsa, da wanda ya jefa sarki yana zaton barde ne, da lokacin da wasa ya tsaya ana tambayar wane dangi ne wannan. Ka maimaita da rana, da kuma dare a hasken fitilar waya, ka sa dattijo da bahago a cikin masu gwajin. Duk katin da aka yi kuskure a kansa sau biyu, laifin zanen ne, ka koma ka gyara shi.

Mataki na tara: takarda da bugu

Takardar karta ta gaskiya fallaye biyu ce da aka manne da baƙin gam a tsakiya, nauyinta wajen giram 300 zuwa 330 a murabba'in mita, kuma wannan baƙin ne ke hana haske ratsawa. Ka ɗora samfurin a kan fitilar waya. Idan ka ga lambar daga baya, ba ta dace da wasa ba. Kwalin da ake buga katin gayyata da shi zai iya yi wa kartar kyauta ko ta tunawa da biki, amma ba ya komawa daidai idan an lanƙwasa shi wajen cakuɗawa. Ledar da ake mannawa a sama tana kare shi daga gumi da shayi, sai dai mai kauri takan sa katuna su manne da juna a zafin bazara, ta kuma ɓare daga kusurwa. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, kartar roba tana da hujja mai ƙarfi tunda ana wanke ta, amma sai masana'antar karta ce ke iya buga ta, kuma irin waɗannan masana'antu sukan nemi a yi oda mai yawa.

Ko a Zinder za ka buga, ko a Yamai, ko Kano, ko waje, kada ka biya kuɗin duka sai an ba ka samfuri guda a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, an yanka, an zagaye kusurwa da kusan milimita 3. Ka tara katunan wuri ɗaya ka shafa gefensu da yatsa, ka ji ko akwai wanda ya fi wani tsayi. Ka baje su a kife a kan tabarma ka duba ko launin baya ya yi daidai a dukansu, domin wanda ya fi sauran haske ya riga ya zama sananne. Idan kaya suka iso, ka buɗe kwali biyar ko shida daga wurare dabam-dabam na katan ɗin, ka ƙirga katunan dangi-dangi, ka tabbata babu wanda ya ɓace ko ya zo sau biyu. Sannan ka adana fayilolin asali a wuri biyu, tare da kwali ɗaya da ba a buɗe ba, domin da shi za ka gwada launi ranar da za a sake bugu.